Tangaran ɗin Arita da Tatsuniyar Gado Tsantsa

Duk sanda aka tashi yi mana faɗa kan lalacewar al'ada, sai a jawo Japan: wai mu dubi mutanen da suka riƙe gadonsu tsantsa, ba gauraye. Sai a nuna mana farantin tangaran na garin Arita, fari fat da zanen shuɗi, a ce ga ruhin Japan nan. Mun gaji da wannan tatsuniya, domin tarihin farantin kansa ya ƙaryata ta.

Kafin ƙarni na 17 Japan ba ta yin tangaran, daga Sin take sayowa. Tsakanin 1592 da 1598 Toyotomi Hideyoshi ya kai wa Koriya yaƙi har sau biyu. Bai ci ƙasar ba, amma sarakunan yaƙinsa sun koma gida da magina tukwane, da yawansu a matsayin ganima. Cikin waɗanda suka iso tsibirin Kyushu akwai Yi Sam-pyeong, a hannun gidan sarautar Nabeshima. Shi ake danganta wa gano farin dutsen Izumiyama a 1616, wanda ake daka shi a kwaɓa a yi tangaran. Daga nan sana'ar Arita ta tashi. Tukwanen Hagi da na Satsuma ma daga hannun 'yan Koriya suka fara.

Kasuwa kuwa rikicin wasu ne ya buɗe ta. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya dagula matoyan Jingdezhen na Sin, sai 'yan kasuwar Holan suka juya ga Arita. Daga tashar ruwan Imari ake lodin kayan, shi ya sa Turawa suka kira su Imari. Shuɗin ma daga Sin ake kawo sinadarinsa. To, ina tsantsar?

Ba mu ce Japanawa ba su yi komai ba. Gidan Kakiemon ya fito da jan zane mai salon kansa, har masana'antun Turai suka kwaikwaya. Mutanen Arita kuma sun kafa wa Yi Sam-pyeong dutsen tunawa a 1917. Rigimarmu da masu wa'azin tsantsa ce, waɗanda ke yaba faranti su goge fursunan da ya gina shi.

Mu masu rubuta manhaja, da aro muke rayuwa. Rabin aikinmu a kan na wasu yake zaune, kuma ba abin kunya ba ne. Sharaɗin dai kada ka cire sunan mai shi. Wanda ya cire, ɓarawo muke kiransa.

Don haka idan za a buga mana misali da Arita, a buga shi cikakke: da yaƙin, da ganimar, da aron, da gwanintar. Wanda zai hana matasanmu aro da sunan kare gado, ya nemi wata hujjar, wannan farantin ba zai yi masa shaida ba.