Goronyo: Tsakanin Ƙaddara da Sakaci

A ranar 17 ga Agusta, 2025, wani kwale-kwale ɗauke da fasinjoji sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Aka yi jaje, aka ce ƙaddara ce. A matsayina na mai nazarin harshe, yadda muke amfani da wannan kalma ne ke damuna, domin mun mayar da ita mayafin lulluɓe sakaci.

Mai karatu, dubi halin matafiyin Wurno, Raba da Goronyo. In ya bi ta tudu, fargabar 'yan bindiga ce, don ba a manta da harin Tabanni na 2018 ba, balle kisan kasuwar Goronyo na Oktoban 2021. In ya bi gulbin Rima da damina, tsohon jirgi zai shiga, lodi ya wuce kima, babu rigar ceto.

A 2009 jirgin Princess Ashika ya nutse a Tonga, cikin tekun Fasifik, mutum 74 suka halaka. Kwamitin bincike ya gano jirgin bai cancanci hawa ruwa ba, kuma a 2011 kotu ta ɗaure matuƙinsa da shugaban kamfanin.

Shawarata ga hukumar NIWA da gwamnatin Jihar Sakkwato ita ce su haɗa kai da sarakunan ruwa: a ƙayyade fasinjoji a kowane mahayi, a wajabta rigar ceto, a gurfanar da mai lodin ganganci. Allah ya kyauta.