Sharar Kano: Daga Taki Zuwa Annoba

Shekaru aru-aru birnin Kano bai ɗauki shara a matsayin abin yasarwa ba. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida duk taki ne. Da rani manoman karkara kan shigo birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki. Wannan musaya ce ta sa gonakin da ke kewaye da birni, irin na Ungogo da Kumbotso, suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Leda ce ta raba wannan zumunci. Tun da ledar cefane da ta fiya wata suka cakuɗe da sharar gida, bola ta zama abin da gona ba ta so, gari kuma ba ya iya haɗiyewa. Leda ba ta ruɓewa. Idan ta shiga magudana sai ta toshe ta, kamar yadda ake gani a Jakara duk damina, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, gidaje su yi ambaliya. Idan aka ƙona ta, hayaƙinta guba ne ga huhu. Idan akuya ta ci, mahauci ne zai tarar da ita a tumbi.

Maganin da aka fi dogara da shi har yau shi ne kwashewa: motocin hukumar REMASAB da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Aiki ne mai amfani, amma sauya wa shara mazauni kawai yake yi, daga bakin titi zuwa kududdufi ko bayan gari. A ganina, gyaran yana farawa ne tun daga tsakar gida, ta hanyar raba mai ruɓewa da marar ruɓewa. Kashi na farko ya koma gona, na biyu ya tafi wurin masu sarrafa roba da ƙarfe.

Masu wannan aiki ma muna da su. 'Yan jari-bola sun daɗe suna tsince ƙarfe da roba da hannu tsirara, ba safa ba takalmi, ga kuma zargin sata da ke bin su. Ya kamata hukuma ta yi musu rajista, ta ba su kayan kariya da wuraren tattarawa a unguwanni, masu unguwanni kuma su sa ido.

Sai kuma doka. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ko Kano ba ta kai ga haramci ba, tana iya wajabta wa kamfanonin fiya wata su sayi ledarsu daga hannun masu tsinta. Wanda ya ci ribar ruwan, shi ya cancanci ɗaukar nauyin ledar.