A Adana Takardun Mujallar Tsofaffin Ɗalibai

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi nasiha ga hukumar Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, cewa tun tana jaririya ta assasa mujallar tsofaffin ɗalibanta, ta kuma ware ɗaki da amintaccen ma'aji domin wasiƙun masu karatu, da hotuna, da daftarin da edita ya yi wa gyara da jan alƙalami, domin a cikinsu tarihi yake ɓuya.

Dalilina kuwa, da na buɗe akwatin ƙarfen da na ajiye mujallun makarantarmu, sai na tarar gara ta cinye su, har sunayen malamanmu, Allah Ya jiƙansu, sun koma ƙasa a tafin hannuna.

Marigayi Eldridge Mohammadou ya sha wahalar tattara tarihin Garwa daga bakin dattawa, aka buga shi a 1980. Mu da Allah Ya hore wa takarda ba mu da uzuri idan muka bar amanar na baya ta salwanta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Kamaru