Daga Kano zuwa Jidda: Awa Nawa ko Kilomita Nawa?

Idan aka tambayi Bahaushe nisan wani gari, da wuya ya amsa da kilomita. Zai ce tafiyar yini ce, ko zango uku ne, ko kwana bakwai ne a ƙasa. Wato tun asali da lokaci Hausa take auna nisa. Wannan ma'auni ya biya wa fatake buƙata a zamanin da ayari ke tafiya da saurin jaki da raƙumi. Zuwan jirgin sama ya dagula lissafin, kuma wajibi ne malamin Hausa ya koya wa ɗalibansa bambance nisa da lokacin tafiya.

A ɗauki hanyar da maniyyata suka fi sani, daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda. Tsakaninsu kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe, kuma jirgi yakan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan. Jiragen sama sun fara sauka Kano a 1925, amma an daɗe bayan haka talakawa suna bin ƙasa: ta Barno, su ratsa Cadi da Darfur, su kai gaɓar Bahar Maliya, sannan su shiga jirgin ruwa. Wani ya yi watanni, wani shekaru, yana tsayawa ƙodago domin neman guzuri. Da yawa daga Hausawan Sudan zuriyar waɗanda suka yada zango ne a wannan hanya. Makka ba ta matso ba, abin hawa ne ya sauya.

Ko a sama ma lokacin ba tsayayye ba ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afirilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka riƙa kewayawa ta wasu ƙasashe. Awoyi suka ƙaru, man jirgi ya ƙaru, alhali Kano da Jidda suna nan inda suke.

Akwai kuma tarkon agogo, wanda ya fi kama mutane. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi Kano da ƙarfe goma na safe, ya yi awa biyar, zai sauka da ƙarfe biyar na yamma agogon Jidda. Mai duba tikiti kawai sai ya ce awa bakwai aka yi. A dawowa, tashin ƙarfe goma ya zama saukar ƙarfe ɗaya na rana, sai ya rantse awa uku ce.

Wasu za su ce wannan aikin malamin labarin ƙasa ne. Amma ruɗanin a cikin kalmomi yake zaune, kuma a darasin insha'i da na fassara yake fitowa fili. Ɗalibin da ya rubuta "nisan Jidda awa biyar ne" ya bi ɗabi'ar harshensa, ba a ce ya yi kuskuren nahawu ba. Abin da malami zai yi shi ne ya tambaye shi: a kan wane abin hawa, ta wace hanya, kuma da agogon wane gari?