Ɗan Golf ya tafi, ya bar mu da bashin zumunci

A wannan mako mun yi niyyar tattaunawa kan shirin jarrabawa, sai ga saƙo ya shigo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare cewa ɗaya daga cikinmu ya rasu a Kano bayan gajeriyar rashin lafiya. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin ba mu nemi izinin mahaifiyarsa ba. A aji dai Ɗan Golf muke ce masa, kuma tsokana ce ta kawo sunan.

Kawunsa yana cikin masu gyaran filin golf na Kano. Duk dogon hutu can yake tafiya, yana ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna ana sallamarsa. Idan ya dawo Maradun sai ya saro sanda mai lanƙwasasshen kai, ya tara ƙodagon goruba, ya tona rami a bayan makaranta, ya yi ta bugu har magariba. Mu kuwa muna gardamar Arsenal da Barcelona, muna yi masa dariya. "Kai da ko takalmin kirki ba ka da shi, ina kai ina wasan masu kuɗi?" Sai ya yi murmushi, ya ɗauko wani ƙodagon.

A bakinsa muka fara jin yadda wasan yake. Cikakken fili ramuka 18 ne, kuma wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba, kowace da nisan da take kai ƙwallo. Ya ce a ƙasashe masu ruwa lallausar ciyawa ce ke kewaye da rami, amma a filaye da dama na Arewa yashi ake cakuɗawa da mai a daddaɓe. Shi ya gaya mana cewa tun 1913 ake wasan a Rayfield da ke Jos. Ya kuma haddace labarin Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, wanda ya ci babbar gasar Najeriya a Legas a 1988 da 1989, daga baya ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Ta kunnen hagu duk wannan ke shiga, ya fita ta na dama.

Sai ga ranar 1 ga Satumba, 2021. 'Yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar je-ka-ka-dawo ta Kaya, a nan ƙaramar hukumarmu. Aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya. Ajinmu ya watse. Wasu suka koma Gusau, wasu Talata Mafara, wasu Sakkwato, wasu cikin 'yan mata aka yi musu aure. Shi kuma ya nufi Kano wurin kawunsa. Da aka buɗe makarantu bai dawo ba, mu kuma muka yanke masa hukunci cewa ya lalace, ya bar karatu ya zama ɗan dako.

Sauran labarinsa a zaman makoki muka ji. Mu huɗu muka je gaisuwa gidansu a Maradun, muka tarar da abokan aikinsa biyu sun zo daga Kano, sun kawo wa mahaifiyarsa jakar sandunansa. Suka ce da asuba yake shiga fili ya yi atisaye kafin masu wasa su iso, sannan ya saɓa jaka ya bi su ramuka 18 a ƙafa. Daga gasar masu ɗaukar jaka ya fara, har ya kai ana biyansa ya koyar da manyan mutane riƙon sanda, bara kuma ya shiga sahun ƙwararru. Mahaifiyarsa ta ƙara da cewa shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa mata biyu.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne labarin wata gasa. Ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa, yana kawar da wani kara sai ta ɗan gusa. Babu wanda ya gani. A dokar golf, wanda ya jawo haka bugu ɗaya ake ƙara masa. Da kansa ya kira abokin karawarsa ya faɗa, kuma da bugun nan ɗaya ya rasa kyautar kuɗi. Muna jin haka muka kalli juna, domin mun san yadda wasunmu ke shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa, alhali mu ne muke kiran kanmu masu ilimi.

Ba muna cewa a bar makaranta ba. Shi kansa, in ji abokansa, ya so ya zauna jarrabawar NECO daga waje. Laifinmu shi ne raina sana'ar da ba mu fahimta ba, da kuma yanke zumunci. Bara ya turo saƙo a zaurenmu: "Zan buga gasa ranar Asabar, na kusa ku zo ku gani." Wasunmu a Kano suke karatu. Hoton dariya biyu kawai ya samu. Saƙon yana nan har yanzu, mun koma mun karanta shi ba sau ɗaya ba.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Mun soma rubuta sunayen 'yan ajinmu da suka watse tun 2021, kowa ya ɗauki mutum uku zai nemo lambarsu ko gidansu kafin ƙarshen hutu. Kai ma mai karatu, akwai wanda kuka zauna benci ɗaya da shi, yanzu yana faci ko ɗinki ko tuƙa keke-napep. Ka neme shi, ka tambaye shi aikinsa, ka saurara.

Allah Ya jiƙan Ɗan Golf, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Sai mako mai zuwa.