Kada Mu Bar Alƙalami Ya Bushe

A zangon karatun da ya wuce, a wani aji biyar a Unguwar Dosa, mun ce wa yara su rubuta wa kakanninsu wasiƙa mai layi biyar. Har aka kaɗa ƙararrawa, waɗanda suka kammala ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran sun tsaya a gaisuwa, wasu suna yarfa hannu wai ya gaji. Alhali kuwa yaran nan, da za a miƙa musu waya, su ne za su nuna wa iyayensu inda ake latsawa.

Ba mu ƙi waya ba. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 ta rage mana wahalhalu da dama, har shigowar albashi da ita muke gani. Kuma tun 2015 hukumar JAMB da kwamfuta take yin jarrabawarta, saboda haka wajibi ne yaranmu su san ta. Abin da ke ba mu tsoro shi ne gushewar natsuwa, domin yaron da ya saba da hoton da ke sauyawa kafin ƙiftawar ido, zama a kan shafi ɗaya yakan yi masa nauyi.

Da yawanmu da allo muka fara. Yaro zai feƙe alƙalaminsa na kara, ya tsoma a tawada, ya rubuta harafi bayan harafi, kuma ba ya wankewa sai malam ya ji karatun ya zauna. Wannan jinkirin shi ne darasin: hannu yana tafiya, ido yana bi, zuciya tana riƙewa. Duk wanda ya shiga Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, zai ga rubuce-rubucen hannu na magabata, waɗanda har yau ake karantawa ba tare da jiran wutar lantarki ba. Ko a Turai, ƙasar Suwidin da ta yi nisa wajen amfani da na'urori a azuzuwa, a 2023 ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda hannun ɗalibai.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, gyara daga gare mu zai fara. Sau nawa muka bar yara suna kwafar rubutu daga allo, mu kuma muna duba saƙonni a bakin taga? Yaro ba ya jin wa'azin da idonsa ya ƙaryata.

Shawararmu ba ta bukatar kasafin kuɗi. Kowace safiya a ware minti goma sha biyar don shifta da gyaran rubutu, wayar malami tana cikin jaka. Kowane yaro ya riƙe ƙaramin littafi da zai rubuta abu ɗaya da ya lura da shi a hanyar makaranta, ko mai shayi ne a tashar Kawo, ko hazon hunturu da ya rufe Malali. Makarantun Badarawa da na Unguwar Rimi su riƙa musayar wasiƙu, malamai su zama masinjoji. A gida kuma, bayan sallar magariba ko cin abincin dare, a tara wayoyi a kwando na rabin sa'a, yaro ya karanta wa uwarsa abin da ya rubuta, kaka ta biya shi da tatsuniya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwamfuta za su iya koyonta ko bayan sun girma, amma haƙurin zama da shafi a hannunmu ake samunsa, a shekaru shida na firamare. Mu koma wa aji biyar ɗin nan a ƙarshen zango da wasiƙar kaka, mu ga ko yatsun hannu za su ishe mu ƙirga.