Tatu na farko: allura ɗaya, jiki nawa?

Tatu ya shigo gari. A Yamai da Maraɗi, saurayi zai ga zane a damtsen ɗan ƙwallo ko na abokin da ya dawo daga ci-rani, shi ma ya ce sai ya yi. Galibin malamai sun ce haramun ne, iyaye na faɗa, don haka ake yin na farko a ɓoye, cikin ɗakin aboki. Nan haɗarin yake.

Tatu ba lalle ba ne da zai koɗe bayan mako biyu. Allura ce ke huda fata tana cusa tawada, jini na fita. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kan yi kwana 7 da rai a kan kayan da jini ya taɓa. Ga nau'in C, ga sida. Ko wanzamai an daɗe ana ja musu kunne kan aska ɗaya.

Wanda hani bai tsayar ba, aƙalla ya ga an ɓare sabuwar allura gabansa, tawadar ba ragowar wani ba ce, mai zanen da safar hannu. Gogewa kuwa galibi sai da na'urar leza, zama bayan zama, kuɗi masu yawa, kuma a baƙar fata takan bar tabo.